Neman Inna a Rumbun Maƙaloli

Ba zan tsaya kan yadda na bar gida ba, don babu abin faɗa a ciki. An yi addu'a, an ɗora akwati a bayan mota, Inna ta shige madafa ta ce wakenta zai ƙone. Labarin ya fara ne bayan na yi wata biyu a Maleshiya, a wani aji mai sanyin na'ura a hawa na huɗu, ranar da aka yi mini bayanin uwata ba tare da an taɓa ganin ta ba.

Sunana Hadiza. Ƙauyenmu yana arewa da Bici, irin wurin nan da ba ka taku ɗari ba ka fita daga gonar wani ka faɗa ta wani ba. Ina koyarwa a wata kwaleji, ita ce ta ba ni hutun shekara biyu, ba ƙari, in yo digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam. Na bar maigidana da 'ya'yanmu mata biyu, na taho da kuka da daddawa da kuma bakina, wanda mutanen garinmu suka daɗe da cewa ya fi ni girma.

A ranar, malaminmu, wani ɗan gajeren dattijo da kowa ke kira Farfesa, yana koyar da mu shaƙuwar uwa da jariri. Ya kunna mana bidiyon iyaye mata da 'ya'yansu, sannan ya jero alamomin uwar da ta yi nisa da ɗanta a zuci. Ba ta kallon idonsa. Ba ta kiran sunansa. Ba ta yi masa wasa. In ya yi kuka sai ta miƙa wa wani. 'Yan ajin suna ta girgiza kai don tausayi, ni kuwa ina lanƙwasa yatsu a ƙarƙashin tebur. Huɗu ya faɗa, huɗun duka Inna ce.

Ni 'yar fari ce. Tun da aka yaye ni kakata ta wajen uba, Iya, ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma, taku ashirin daga ɗakin Inna. Shekarata talatin da shida, ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Waccan" nake, in ta so karrama ni kuma, "ta ɗakin Iya", ko bayan da Iya ta rasu sunan bai canza ba. Da na zo Maleshiya ma, in na kira gida ba ta karɓar waya. Ƙanwata Zulai ce ke riƙewa, Inna ta tsaya can gefe tana yi wa Zulai magana da ƙarfi, ni kuma in tsinta. Kunyar ɗan fari kenan, kowa a wajenmu ya san ta, kuma ban taɓa ɗaukar ta ciwo ba sai a wannan ajin.

Na ɗaga hannu. Da Turancina mai ƙamshin Bici na ce a ƙasarmu akwai iyaye mata da ke yin duk huɗun nan, kuma ba ƙiyayya ba ce, tarbiyya ce.

Farfesa ya cire tabarau. "A ina aka rubuta?"

"Ba rubutawa ake yi ba, Farfesa. Yi ake yi."

Aji ya kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Bayan an tashi ya kira ni ofis ya ce in na tabbata da maganata, in mayar da ita batun bincikena. Saura mako shida kwamiti ya zauna ya amince da batun kowane ɗalibi. Kafin nan in shiga rumbun maƙaloli na laburare in kawo masa abin da masana suka rubuta a kai. In ban kawo ba, yana da jerin batutuwa a aljihun teburinsa, zai ba ni ɗaya, kan fargabar jarrabawa tsakanin ɗalibai. Na ce na ji na gani. A raina kuwa na ce ban tsallako teku don in ƙirga masu tsoron jarrabawa ba, waɗannan ai na bar su cike da aji a gida.

Bari in faɗi inda nake zaune, don a san da wace zuciya nake shiga laburaren. Ɗaki ne a hawa na goma sha ɗaya. Dillalin da ya kama mini shi tun ina gida ya turo hoton ɗaki mai taga biyu, da na zo na tarar taga ɗaya ce, ita ma bangon wani benen take kallo. Shinkafa da safe, shinkafa da rana, miyarsu kuma da sukari. Ruwan sama kullum da la'asar kamar an ɗauke shi aiki, amma ba ya tayar da ƙamshin ƙasa irin na ruwan farko a gonar Baba, kwalta kawai yake jiƙawa. Matar da ke sayar da abinci a ƙasan benen ba ta jin Turanci, ni ba na jin yarensu. Ta lura ina ture miyar gefe, sai ta fara ajiye mini ɗanyen barkono a ɗan kofi. Ranar farko da ta turo mini shi sai da na juya baya na share ido.

Laburaren kuwa gari guda ne. Rumbun da ake magana ba shi da jinka ba shi da ƙofa, allon kwamfuta ne da ɗan farin akwati a tsakiya, an ce duk abin da masana halayyar ɗan Adam suka wallafa yana bayansa. Na zauna na yi bisimilla. Da yake ban saba tambayar na gaba da ni a gaggauce ba, sai na rubuta masa tambaya mai layi uku. Na bayyana daga inda na fito, da yadda al'adar take, da abin da nake nema, saura kaɗan in tambaye shi iyali. Ya ɗan yi juyi ya ba ni amsa: sifili.

Na waiga hagu da dama ko wani ya gani, na goge da sauri.

Washegari na rage surutu, na ba shi kalma uku: uwa, ɗa, nisa. Nan take ya zubo mini maƙaloli dubbai. Na yi hamdala na fara buɗewa. Wannan kan iyayen da suka yi watsi da 'ya'yansu, waccan kan yaran gidan marayu, ta gaba kan matan da ciwon damuwa ya kama bayan haihuwa. Babu ko ɗaya da ta san da kunya. Duk da haka na ci gaba da karantawa, kwana da kwanaki, domin kowace na buɗe sai in ga wani abu na Inna a ciki.

Irin wannan karatun yana da dafi. Na tuna ranar da tukunyar kunu ta kife mini a ƙafa ina 'yar shekara bakwai. Inna ce mafi kusa da ni. Ta miƙe, ta tsaya, ta ƙwala wa Iya kira, ta koma ɗaki ta saki labule. Iya ce ta ɗauke ni, ita ce ta yi ta shafa mini wani baƙin magani da gashin kaza har fata ta dawo. Tabon yana nan. Kusan shekara talatin ina ba da labarin nan ina dariya, a matsayin shaidar cewa Inna ta iya kunya. A laburaren na ɗaga siket na dubi tabon na ce, ko dai masanan nan sun fi ni sanin uwata? Na ji haushin Inna, haushi na gaske, na kuma ji kunyar jin haushin. Da Zulai ta kira a makon nan, na ji muryar Inna a gefe tana cewa a tambayi waccan ko akwai sauro a can. Na ce wa Zulai ina da aji, na kashe wayar.

Mako uku ina wannan hali. Duk sanda na sa sunan ƙabilarmu ko na al'adarmu a akwatin, sifili, ni kuma in goge in share tarihin binciken kamar mai ɓoye abin kunya. Na kuma daina bin gaban ofishin Farfesa. A gidanmu ba a zuwa gaban babba hannu rabbana. Ko ƙwai biyar ne, ko kwanon gyaɗa, ko goro ɗaya a ƙulle a bakin zani. Iya ta sha komo da ni daga hanya don na manta. To da wane ido zan shiga wajen dattijo in ce masa na duba ban samu ba? Sai na koma bin matakalar baya. Wata rana na hango shi da kofin shayinsa, na faɗa banɗakin mata na tsaya har sai da na daina jin takunsa. Ni, uwar 'ya'ya biyu, malamar da ɗalibai ke shakka.

A wannan ƙuncin na gamu da wani ɗan ƙasarmu da ake kira Injiniya, a wajen cin tuwon da 'yan gida kan haɗu su yi bayan Juma'a. Ban san abin da yake karantawa ba, na dai ji an ce ya fi shekara bakwai yana gab da gamawa.

"Haba Hajiya," in ji shi, "ke da girmanki ki zauna kina fama da kwamfuta? Ai amfaninmu kenan. Maƙala nawa kike so?"

"Ko goma ce ta isa."

"Goma? Ai raini ne ki kai wa Farfesa goma. Arba'in za a yi miki."

Hausar da ya yi mini ce ta ci ni, don na daɗe ba a ce mini "haba" ba. Na biya shi abin da ya yanka, bayan kwana uku ya kawo mini filashi. Na duba kanun maƙalolin na ga Afirka, na ga uwa, na ga al'ada, sai raina ya yi fari. Ban tsaya karantawa ba. Na buga su, na sa aka yi musu shuɗin bango, na ɗaura atamfata ta fita kunya, na hau ta matakalar gaba da tsarabata a ƙirji.

Farfesa ya buɗa shafi uku ko huɗu. Ya juya ga kwamfutarsa ya rubuta sunan ɗaya daga cikin mujallun, ya ce in matso in gani. A fitowa ɗaya akwai maƙala kan ƙarfin siminti, da wata kan ciwon kaji, sai tawa kan jarirai a tsakiyarsu.

"Wannan mujallar," in ji shi, "in kika biya, ko takardar cefanenki za ta buga. Duk tarin nan babu wadda wani masani ya tantance kafin a wallafa."

Da faɗa ya yi da na fi jin sauƙi. Ya turo mini kundin a hankali ya ce, "Mako huɗu ban gan ki ba. Saura biyu." Ya jawo aljihun tebur har na hango gefen takardar batutuwan nan, ya mayar ya rufe.

Na kira Injiniya tun ina matakala. Ya ce, "Hajiya, maƙala kika ce, ba ki ce wace iri ba." Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba, don 'ya'yana za su karanta.

Akwai ɗan ɗakin salla na mata a ƙasan laburaren. Nan na yi la'asar, na zauna kan darduma na yi kukan da na daɗe ina tarawa. Da na ɗago sai na ga wata mata zaune a gefena tana jira in gama. Na san fuskarta, ita ce ke zama a teburin tambaya na hawa na biyu, mai tabarau da sarƙa, sa'ar Inna ce ko ta ɗan girme ta. Sunanta Puan Salmah. Puan a can kamar Hajiya ce a wajenmu.

Da Turanci ta ce, "Wata guda ina kallonki. Kullum kina zuwa, kullum kina kashe allo kamar kin ga maciji a ciki. Teburina taku goma ne daga kujerarki. Me ya hana ki tambaya?"

Na ce, "Puan, kin haife ni. A garinmu ba a aiken babba."

Ta yi dariya har tabaraun ya faɗo ya rataye a sarƙarsa. "'Yata, shekara ashirin da wani abu ina zaune a teburin nan ina jiran a aike ni. Tashi."

Ta zaunar da ni a gefenta ta ce in ba ta labarin da baki, ba da Turancin makaranta ba. Na ba ta, har da kunun. Ta ɗauki farar takarda ta ja layi biyu, ta ce rumbun nan ba ya jin labari, kashi-kashi yake so. Ta kasa mini maganata uku, yadda mai tumatur ke kasawa a kasuwa. Kashin farko uwa da ɗan fari da duk kalmomin da masana ke kiransu da su. Na biyu kauda kai da kunya da ƙin kiran suna. Na uku wuri, wato ƙasar Hausa, da Afirka ta Yamma in an faɗaɗa. A cikin kashi ɗaya ana haɗa kalmomi da "ko", tsakanin kashi da kashi kuma da "da". Ta nuna mini cewa rumbun yana da jerin kalmominsa na kansa, in ka yi amfani da nasa ya fi sakin jiki. Ta nuna mini ɗan gurbin da ake dannawa ya tace ya bar mujallun da masana ke tantancewa kawai, wanda da na san shi da Injiniya bai ga kuɗina ba. Ta kuma ce ba rumbu ɗaya ba ne, akwai na masu nazarin al'adun al'umma a gefe, in leƙa can.

A can ɗin muka samu wata tsohuwar maƙala guda, kan yaran da hannu da yawa ke reno a ƙauyukan Afirka. Na ce guda ɗaya me za ta yi mini? Puan Salmah ta gangara ƙarshenta ta nuna mini manazarta. "Waɗannan su ne ta karanta kafin ta rubuta." Ta koma sama ta danna wani wuri. "Waɗannan kuma su ne suka ambace ta bayan ta fito. Ki bi baya, ki bi gaba."

Na ce, "Wato iyayenta da 'ya'yanta."

"In kin so."

Ai kuwa an zo gidana. Iya ba ta taɓa haɗuwa da baƙo daga Bici har Tofa ta bar shi ya tafi ba ta gano inda suka haɗa jini ba. Wa ya haife ka, uwarka 'yar gidan wa ce, ita kuma wa ta aura da farko. A gindinta na girma, na iya wannan aikin tun ban iya karatu ba. Kwana takwas ina bin dangin maƙalar nan, kaka da jika da ɗan ƙanen uba. Na fito da tara na gaske. Biyu daga ciki sun taɓo kunyar ɗan fari a 'yan layuka suka wuce. Amma wanda ya zauna ya tambayi iyaye matan da kansu abin da ke ransu, ban ci karo da shi ba.

Tun ranar farko kuma Puan Salmah ta kafa mini doka. Ta ba ni wani littafin rubutu ta ce duk binciken da na yi in rubuta ranar, da sunan rumbun, da kalmomin da na sa, da yawan abin da ya fito.

Na ce, "Har da sifilin?"

"Musamman sifilin."

"Puan, in kai wa Farfesa sifili? Ai gara in ce ba ni da lafiya."

Ta dube ni ta saman tabarau. "In akuya ta ɓace a garinku, aka aiki mutum biyu nema. Ɗaya ya dawo ya ce babu. Ɗaya ya dawo ya ce na je unguwa kaza da kaza, na duba bakin rafi, na tambayi mahauta, babu. Maganar wa za a ɗauka?"

Ban san inda ta san akuya ba, amma ta kama ni. Na zauna na sake duk binciken da na goge a makonnin baya, ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta sifili da hannuna. Shafi shida suka cika.

Saura kwana uku kwamiti ya zauna na shiga ofishin Farfesa da maƙaloli tara da ɗan littafin nan. Kunya kamar ta kashe ni, don a idona kwano ne rabinsa babu komai. Ya ajiye maƙalolin gefe bai ko buɗa ba. Littafin ya ɗauka, ya bi shafukan sifilin da yatsa, layi-layi, har shayinsa ya huce.

"Wannan nake jira tun makon farko," in ji shi. "Da an riga an rubuta, me za ki yi? Kin nuna inda aka tsaya. Daga nan aikinki ya fara."

Na ce a raina, ashe tsarabar da na yi ta gogewa ita ce tsarabar.

Ya ce saura abu ɗaya, kuma kwamiti sai ya tambaya. Matan da ke kunyar kiran sunan 'ya'yansu, za su yarda su yi magana a kan 'ya'yan? In ba za su yi ba, babu bincike, komai kyan littafina. Ni kuwa na san matan garinmu, na kuma san ta gidanmu.

Na aika wa Zulai saƙo. Na ce lokacin ɓarar gyaɗa ne, na san mata suna taruwa a tsakar gidanmu da hantsi. Ta gaya musu gaskiya cewa ni ce ke tambaya, kuma za ta ɗauki murya, wadda ba ta so kada a matsa mata. Kwana biyu shiru. Ranar da kwamiti zai zauna, da safe ina teburin Puan Salmah, saƙon ya shigo, minti goma sha tara.

Na sa abin ji a kunne. Abin da na fara ji ƙarar ɓawon gyaɗa ce da kukan zabi, sai da na dafe tebur. Matan suna ta dariya suna ture wa juna. Sannan Gwaggo Lami, maƙwabciyarmu, ta fara, wata ta karɓa, wata ta katse ta. Suna magana, har suna gardama. Na ji Zulai ta ce, "Inna, ke fa?" Inna ta ce, "Ni ba ruwana da shirmen boko. Miƙo min kwanon can."

Can wajen ƙarshe Gwaggo Lami ta ce, "Ai ɗan fari na kakarsa ne. In ka bayar ka bayar, har mantawa kake da shi."

Ƙarar ɓarar ta ɗan tsaya. Sai muryar Inna, ƙasa-ƙasa, kamar da kwanon take magana.

"Ba a mantawa, Lami. Na san wata mata. 'Yarta ta fari ta ƙone da kunu a gabanta, ga surukarta, ga mutane. Ta shiga ɗaki ta cusa bakin mayafi a baki ta cije har ya yage. Da gari ya waye ta tafi da ƙafa har garin iyayenta ta karɓo maganin ƙuna, ta daka da hannunta, ta ba wa surukar ta ce kada a ce daga ita ne."

Wata ta ce, "Allah sarki."

"Yanzu 'yar tana wata ƙasa. Matar ta sa an lissafa mata yadda ranar can take. In an idar da asuba a nan, ta san can rana ta kusa tsaka. Sai ta zauna kan darduma tana cewa ko ta ci abinci, ko ba ta ci ba."

Gwaggo Lami, da yake ba ta da dama, ta ce, "Wace mata ce wannan? Mun san ta?"

"Ba ku san ta ba. Ta wajen Tofa ce." Aka fashe da dariya. Inna ta ɗaga murya yadda ta saba. "Zulai, kashe abin nan haka. Kuma ki ce wa waccan ta riƙa sa rigar sanyi in za ta shiga ɗakin karatun nan, an ce ƙanƙara suke hurawa."

Inna ta san ana ɗauka. Ta san kunnen da zai ji.

Puan Salmah ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Ta dubi fuskata, ta turo mini kwalin tishu, ta juya ta ci gaba da aikinta kamar ba ta gani ba. Na gode mata da wannan fiye da duk abin da ta koya mini.

Ban kunna wa kwamiti muryar ba, wannan tawa ce. Da suka yi tambayar da Farfesa ya ce za su yi, na ce matan za su yi magana, amma ba za a tambaye su kan 'ya'yansu ba. Za a tambaye su ko sun san wata mata. Ɗaya daga cikin malaman ya ce in maimaita, ya rubuta. Suka juya shafukan sifilina, suka yi 'yan tambayoyi kan maƙaloli taran, suka sa hannu. Farfesa ya ɗaga mini kofin shayinsa kaɗan.

Na fito wajen sha biyu da rabi. Na wuce kai tsaye wurin mai abincin ƙasan benenmu, ta zuba mini shinkafa ta turo kofin barkono, na cinye tas. Na duba agogo, na lissafa, a gida yanzu aka idar da asuba. Na danna wayar na yi wa Zulai magana da ƙarfi, yadda duk wanda ke gefe kan darduma zai tsinta.

"Zulai, in kin ga matar nan ta wajen Tofa, ki ce mata 'yarta ta ci abinci."